Tambaya da Amsa: Tayin Tsiro Ba Tare da Iri Ba

Malam, an ce ana iya fitar da cikakken tsiro daga ɗan guntun ganye ba tare da iri ba. Ina tayin zai fito alhali ba a yi barbara ba? (Daga wani ɗalibi)

Kusan kowane tantani (ƙaramar ƙwayar halitta da ake gina jiki da ita) mai rai a jikin tsiro yana ɗauke da cikakken kundin gadon tsiron, har da babin da ke gina tayi. A ganye da saiwa babin a kulle yake, kuma akwai masu gadi, irin su furotin PICKLE da rukunin PRC2, waɗanda aikinsu shi ne kada ya buɗe bayan iri ya tsira. A shekarar 1958 Steward a Amurka da Reinert a Jamus, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka nuna cewa tantanin karas na iya komawa baya ya zama tayi.

Abin da ake wa kallon mabuɗan babin wasu ƙwayoyin gado ne ƙalilan. An bayyana SERK a karas a 1997, kuma ita alama ce ta tantanin da ya shirya. A 1998 aka ga cewa idan an tilasta wa LEC1 aiki inda ba wurinta ba, abubuwa masu kama da tayi kan ɓullo a jikin ganye. LEC2 ta biyo baya a 2001, sai BABY BOOM da WUSCHEL a 2002. Juna suke tayarwa: BABY BOOM na kunna LEC1 da LEC2, ita kuma LEC2 na kunna ƙwayoyin YUCCA masu haɗa oksin, sinadarin girma na tsiro.

Malam, wata huɗu ke nan ina renon curin karas (dunƙulen tantani marar siffa da ke fitowa daga guntun da aka yanka) a kan abinci mai 2,4-D, wato oksin ɗin da ake haɗawa a masana'anta. Yana ta ƙaruwa, amma ko tayi ɗaya ban gani ba. (Daga wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji)

Malama, ba za ki gani ba muddin 2,4-D na cikin farantin. Shi ne ke buɗe ƙofa, shi ne kuma ke tare ta. Tayi na buƙatar oksin ya taru a gefe guda kafin ya san ina ne kansa, ina ne saiwarsa. 2,4-D kuwa yana malale ko'ina kuma ba ya saurin rushewa, don haka tantanin kan tsaya a ƙananan dunƙule, su yi ta rabuwa ba ci gaba.

Ki fara da zaɓe a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Curin da ake so ruwan ɗorawa-ɗorawa ne, mai tsaba-tsaba, yana wargajewa da an taɓa shi, tantaninsa ƙanana cike da ruwan ciki mai kauri. Wanda ya yi fari fat kamar jiƙaƙƙiyar auduga, mai dogayen tantani, ki zubar, ɓata abinci kawai yake yi. Ki wanke wanda kika zaɓa sau biyu ko uku da ruwan abincin da ba shi da sinadarin girma, sannan ki mayar da shi kan abincin renon tsiro da ake kira Murashige da Skoog zalla: sukari giram 30 a lita, awon pH 5.8, aga (garin da ke daskarar da abincin) giram 8 idan daskararre kike so, a dafa a tukunyar tururi a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Kada ki cunkusa. Tantanin karas na sakin wani sinadari da ke hana tayi idan sun yi yawa a ruwa kaɗan, kuma wannan kuskuren ya fi yawa a wurin masu tsoron asarar curi. Idan abu ya yi kyau, cikin makonni biyu zuwa uku za ki ga matakan suna bin juna: mulmulalle kamar ƙwallo, sai mai siffar zuciya, sai dogo mai tsini, sai mai 'yan ganyen farko guda biyu.

Wata huɗu kuma ba kaɗan ba ne. Curin da ya daɗe a 2,4-D yakan rasa ikon yin tayi, musamman idan ba a canza masa abinci duk mako uku zuwa huɗu. Gara ki dasa sabo a gefe, da 2,4-D miligiram 1 a lita, tun yanzu.

Me ya sa abinci iri ɗaya ke aiki ga wani nau'in masara ya ƙi ga wani? (Daga wani mai binciken iri)

Gado ne. Masarar A188 da Hi-II na ba da tayi cikin sauƙi, B73 kuwa taurin kai gare ta, kamar yadda masu auduga suka daɗe suna dogaro da nau'in Coker 312. Kwanakin abin da aka yanka ma na da tasiri: a masara ɗanyen tayi ake cirowa, mai tsawon milimita 1.5 zuwa 2, kwana 10 zuwa 12 bayan barbara. Da ya wuce haka amsawarsa ta ragu ƙwarai.

A 2016 masu bincike na kamfanin iri DuPont Pioneer suka nuna cewa saka Bbm da Wus2 (wato BABY BOOM da WUSCHEL na masara) tare na sa nau'o'in masara masu gardama su amsa, har da dawa da shinkafa da rake. Sai dai in aka bar ƙwayoyin biyu a kunne, tsiron kan fito a murɗe, ba ya haihuwa. Dole aka haɗa da dabarar yanke su daga jikin tsiron bayan sun gama aiki, ko a ɗaura su kan makunnin da ke mutuwa da kansa. A 2020 aka zo da haɗin ƙwayoyin gado GRF4-GIF1 a alkama, wanda ke ƙara yawan tsiran da ke fitowa daga curi kuma tsiron ya yi 'ya'ya lafiya.

To tsiran da aka samu daidai suke da uwarsu? (Daga wata mai gandun reno)

Galibi, amma kada a rantse. A shekarun 1980 wasu itatuwan kwakwar manja da aka ninka ta wannan hanya suka girma suna 'ya'ya naƙasassu marasa mai, kuma ba a gane haka sai bayan shekaru, da suka fara fure. A 2015 aka gano cewa rubutun gadon bai canza ba, wata alamar kulle ce ta goge daga wani yankin gadon da ake kira Karma. A rogo ma an ruwaito a 2016 cewa nau'in TME 204 ya rasa juriyarsa ga cutar mozayik bayan ya bi ta hanyar tayi. Saboda haka a gajarta zaman curi, a rage 2,4-D iya abin da zai yi aiki, sannan a gwada tsiran a fili, gefe da gefe da uwarsu, kafin a rarraba su.