Ko a ruwa gumi yake: shin na'ura na iya kama ɗan leƙen asiri?

Tambaya: Malam, na ji Amurkawa na da na'urar gano ƙarya da suke tantance ma'aikatan leƙen asiri da ita, har gumin mutum take aunawa. Ashe ba ita ce ta tabbatar da karin maganar nan ba, "mara gaskiya ko a ruwa gumi yake"?

Amsa: Wasu kan ce "ko cikin ruwa ya yi jiɓi", jiɓi da gumi da zufa duk abu guda ne. Amma duba ginin maganar. Cewa aka yi mara gaskiya yana gumi, ba a ce duk mai gumi mara gaskiya ne ba. Rigimar masana a kan na'urar nan ke nan.

Wani ɗan sanda, John Larson, ya haɗa ta a California a 1921. Ana ɗaura wa mutum robobi a ƙirji da ciki, da abin awon jini a damtse, da wayoyi a yatsu, sannan a yi ta jefa masa tambayoyi. Numfashi da bugun zuciya da gumi take rubutawa. Shi ya sa sunan da 'yan jarida suka ba ta ya fi ƙarfinta; ni da "na'urar auna fargaba" zan kira ta.

Mai gaskiya ma yana fargaba, ƙwararren maƙaryaci kuwa ko gezau. Aldrich Ames na CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ya fara sayar wa Tarayyar Soviet asirai a 1985, ya tsallake gwajin a 1986 da 1991, sai a 1994 dubunsa ta cika. Ana Montes, ma'aikaciyar hukumar leƙen asirin sojan Amurka da ta yi wa Kuba aiki a ɓoye, ita ma ta haye.

Masu kare ta ba su rasa hujja ba. Alamar da ta nuna a kan Harold Nicholson, jami'in CIA da ya sayar wa Rasha asirai, a 1995 na cikin abin da ya sa aka bi sawunsa, kuma tsoronta kaɗai kan sa wasu su amayar da abin da ke cikinsu.

Sai dai rahoton majalisar masana kimiyya ta Amurka na 2003 ya yi lissafi: a ma'aikata 10,000 da maciya amana 10 ke cikinsu, kafin a kama 8 sai an shafa wa kusan mutum 1,600 kashin kaji.  Karin maganar da na fi yarda da ita a nan ita ce "zato zunubi ko da ya zama gaskiya".