Hukuncin zama da mabiya addinin Sikh: abincinsu, namansu da aurensu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Kano, ina karatun harhaɗa magunguna a jihar Punjab ta Indiya. Ranar da na sauka na ga wani dattijo da rawani da gemu har ƙirji, na yi masa sallama ina zaton Musulmi ne, sai ya yi murmushi ya haɗa tafukansa. Abokin ɗakina ɗan Sikh ne, yana cewa su ma Ubangiji ɗaya suke bauta wa, ba su da gunki. Da kuɗina suka yanke ya kai ni wurin ibadarsu, na tuɓe takalmi, na ɗaura ƙyalle a kai, muka zauna a ƙasa sahu-sahu aka zuba mana miyar wake da gurasa kyauta. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Su waye su a shari'a? Abincin nan ya halatta? Namansu fa? Sannan wani ɗan'uwanmu a nan yana son ya auri 'yarsu.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya sa ka gama karatu lafiya.

Ba a yanke wa mutane hukunci kafin a san su, don haka mu fara da wannan. Addinin Sikh ya faro ne daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a ƙauyen Talwandi kusa da Lahore, inda yanzu ake kira Nankana Sahib a Pakistan, ya rasu a 1539. Ya tashi tsakanin Hindu da Musulmi, abokin tafiyarsa Mardana ma daga gidan Musulmi ya fito. Bayansa jagorori tara suka biyo, kowanne ana ce masa Guru. Na goma, Gobind Singh, shi ya kafa jama'ar Khalsa a 1699, inda wanda ya shiga yake ɗaukar alamomi biyar: barin gashi ba aski, matajin katako, awarwaron ƙarfe, gajeren wando da 'yar wuƙa. Rawanin da ka gani na rufe wannan gashin ne. Kafin rasuwarsa a 1708 ya ce babu sauran Guru ɗan Adam, jagorancin ya koma kan littafinsu, Guru Granth Sahib, mai shafi 1430. A cikinsa har da baitocin Shehu Farid, sufin Musulmi na ƙarni na 13.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Suna cewa Mahalicci ɗaya ne, ba a haife shi ba, ba ya mutuwa, suna kiran sa Waheguru, kuma sun ƙi bautar gumaka. Adalci ne a faɗi wannan. To amma Musulunci kalmar shahada biyu ce, ta farko ba ta tsayawa sai da ta biyu. Su ba su karɓi Annabi Muhammadu (SAW) a matsayin cikamakin Annabawa da ya wajaba a bi ba, ba Alƙur'ani ke yi musu hukunci ba, sun yi imani rai yana ta sake dawowa duniya a jiki daban-daban har ya tsira, kuma suna ƙona gawa. Saboda haka ɗan Sikh ba Musulmi ba ne, shi kansa ma bai ce shi Musulmi ne ba, kuma ba ya jin daɗin a ce addininsa reshen Musulunci ne ko na Hindu. Haka nan ba Ahlul Kitabi ba ne, domin wannan suna a Alƙur'ani na Yahudu da Nasara ne. Hukuncinsu a fiƙihu ya fi kusa da na Majusawa, mabiya tsohon addinin Farisa: ana zama da su lafiya, ana ciniki da maƙwabtaka, amma ba a cin yankansu, ba a auren matansu.

Abincin da ka ci, wanda suke kira langar, halal ne, babu laifi a kanka. Ba a sa nama a cikinsa, hatsi ne da wake da ganye da madara, kuma asalin waɗannan halacci ne ko wa ya dafa. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) da sahabbansa sun yi amfani da ruwan salkar wata mace mushrika. An kuma ruwaito cewa da aka tambayi Nana A'isha (RA) kan kyautar da Majusawa ke kawowa ranar bikinsu, ta hana cin abin da aka yanka domin ranar, ta halatta 'ya'yan itatuwansu. Suna karanta addu'arsu a kan abincin, na sani, amma addu'ar wanda ba Musulmi ba ba ta mayar da wake haram. Ka yi bismillah ka ci, ka gode wa wanda ya zuba maka. Tuɓe takalmi da rufe kai ladabin gidan mutane ne, babu ibada a ciki.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne ɗakin da littafin yake. Za ka ga an ɗora shi a kan gado ƙarƙashin rumfa, wani yana yi masa fifita, duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa. Wannan bai halatta gare ka ba, ko don kara, ko don kada abokinka ya ji kunya. Ko da sun ce girmamawa ce kawai, shari'armu ta rufe ƙofar sujada ga wanin Allah baki ɗaya. Mu'azu ɗan Jabal ya dawo daga Sham ya yi wa Annabi (SAW) sujadar girmamawa, Annabi ya hana shi. Idan an hana ga fiyayyen halitta, ina ga waninsa? Akwai kuma wani abin zaƙi na garin alkama da man shanu da sukari, karah parshad, da ake rabawa a ƙarshen ibadar, kowa ya tara hannu biyu ya karɓa. Shi ma ba nama ba ne, amma karɓarsa a wannan zaman alama ce ta shiga cikin ibadar da neman albarkarta, don haka abin da nake gani ka bar shi. Ɗakin cin abinci daban yake, can ya ishe ka. Ka faɗa wa abokinka dalili da tattausan harshe. Mutumin da ya riƙe gashinsa shekara da shekaru saboda addininsa zai gane mutum mai iyaka.

Namansu kuwa haram ne ta fuska biyu. Mai yankan ba Musulmi ba ne, ba Ahlul Kitabi ba. Sannan yankan da suke kira jhatka sara ɗaya ne ta ƙeya da ke fille kan dabba, alhali ka karanta a Risala cewa abin da aka yanka ta ƙeya ba a ci. Su ma ƙa'idar Khalsa ta hana su cin naman da aka yanka irin yankan Musulmi, don haka kada ka matsa wa abokinka da naka, shi ma ba zai matsa maka ba. Kifi da ƙwai babu damuwa. Nama ka neme shi wurin mahautan Musulmi.

Batun aure gajere ne. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta keɓe mata masu kamun kai daga Ahlul Kitabi kawai, sauran suna ƙarƙashin hanin aya ta 221 a Suratul Baƙara. Auren ba ya ɗauruwa sai in ta musulunta da yardar zuciyarta. Ka gaya wa ɗan'uwan naka ya ji tsoron Allah, kada ya ja 'yar mutane da alƙawarin da ba zai iya cikawa ba, kada kuma ya sa ta furta shahadar baka don aure.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma za ka gamu da shi. Tsakanin Sikh da sarakunan Mughal, Musulmin da suka taɓa mulkin Indiya, akwai jini. An kashe Guru na biyar, Arjan, a 1606 zamanin Jahangir, an fille kan na tara, Tegh Bahadur, a Delhi a 1675 zamanin Aurangzeb, ga kuma kashe-kashen rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 da suka ci kowane ɓangare. In an tayar da zancen, kada ka ɗora wa kanka kare duk abin da wani sarki ya aikata don sunansa Musulmi. Allah ya ce babu tilastawa a addini, ya kuma ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta hana ku adalci. A jihar da kake akwai garin Malerkotla, wanda sarkinsa Musulmi, Sher Muhammad Khan, ya fito fili ya ƙi amincewa da kashe ƙananan 'ya'yan Gobind Singh biyu. Sikh ba su manta masa ba, kuma a 1947 garin ya tsira daga zubar da jinin da aka yi a kewayensa.

Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba ka izinin kyautata wa wanda bai yaƙe ka ba saboda addini. Abokin da ya ciyar da kai ranar da aljihunka ya bushe yana da haƙƙi a kanka: ka duba shi in ba shi da lafiya, ka taimake shi a karatu, ka roƙa masa shiriya, kada ka zagi Gurunsu ko ka taɓa rawaninsa da wasa. In ya gaishe ka da gaisuwarsu, ka amsa da fatan alheri na yau da kullum. Sallarka kuma ka yi ta a kan lokaci a ɗakin nan naku, ba ɓoyo.

Wallahu a'alam.