Amsar Gwaggo kan shirin gida da Babbar Sallah

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce bana ce layyarki ta farko a ɗakinki a Gusau, dangin maigida za su zo daga Ƙauran Namoda su kwana biyu, kuma Hajiya surukarki ta ce a tsakar gida za a yi suya, alhali kina da kicin da gas. Kina tambaya ko wannan al'ada dole ce, da kuma batun turaren wuta da fitilun adon da kika saya.

Ki bi maganar Hajiya. Ba hukuncin addini ba ne, amma tsofaffi ba su fitar da suya waje a banza ba. Naman rago guda yana ɗaukar awanni a kan wuta, mai na zafi, hayaƙi na tashi, mutane na shige da fice. A kafa murhu a kusurwa guda, nesa da ƙofar shiga, nesa da zana da igiyar shanya da tarin harawar rago. Duwatsun murhu su zauna daram kafin a ɗora tukunya, kada a gyara su bayan mai ya yi zafi. Mai kada ya wuce rabin tukunya, domin naman da aka tafasa yana shiga da ruwa a jikinsa, kumfa ta taso ta zubo kan wuta. A tsane shi a kwando tukuna, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan da matsami mai dogon hannu. Mace ɗaya ce mai wuta, in za ta tashi sai ta damƙa wa wata. Ta ɗaure zani tamau, ta ajiye gyale da dogon hijabi, musamman na roba, wanda ke narkewa ya manne a fata.

In mai ya kama da wuta, kada kowa ya watsa ruwa. Ruwan yana nutsewa ƙasa, ya zama tururi nan take, ya watso da mai mai ci. A rufe da murfin ƙarfe ko babban faranti, a janye itace, a bar shi ya huce. Bokitin yashi ya kasance a kusa. Wanda ya ƙone kuwa, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. In ƙunar ta fi tafin hannunsa faɗi, ko a fuska take, ko ƙaramin yaro ne, sai asibiti.

Gas ɗinki ya yi miki miya da shinkafa. Tun ranar Arfa ki shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar gas da mahaɗar tiyo. In kumfa ta yi ƙwai, yana yoyo. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka in kin ji warinsa ki rufe tukunyar, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki taɓa makunnin lantarki.

Turaren wuta al'ada ce mai kyau, ba mai hana ki. Sai dai kaskon ya zauna a kan faranti a ƙasa, ba kan kafet ko ƙarƙashin labule ba. In ya gama a fitar da shi waje a kashe garwashin. Kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki.

Fitilun ado ba sa cin wuta sosai, siririyar wayarsu ce abin dubawa. Wadda ta ɗaye ki yar, kada ki liƙe, kuma a kashe su kafin barci. Abin da ke ƙona gidaje shi ne a haɗa dutsen guga da hita da firij a jona ɗaya, a manta an bar su a kunne da aka ɗauke wuta, a dawo da ita kowa ya tafi Idi. Janareta kuma a waje, nesa da taga, ko da ana ruwa, don gubar hayaƙinsa ba ta da wari, cikin barci take kashe mutane. Ba a zuba masa fetur sai ya huce.

Yaran baƙi su ne babban aikinki, tunda ba su san gidan ba. Ki sa yarinya babba ta tara su a ɗaki ɗaya lokacin yanka da suya. Wuƙaƙe da gatari a wanke a ɗaga sama da zarar an gama fiɗa. A rufe rijiya da duro. Kananzir kada ya zauna a robar lemo, magungunan tsofaffi kuma su shiga durowa.

Naman da za a raba wa maƙwabta ya fita da wuri, kada ya wuni a leda cikin zafi. Soyayyen kuma ya huce sarai kafin ki rufe shi, in ba haka ba gumi zai sa ya yi funfuna. Ki gaida Hajiya da maigidan.