Adakar Baba da sikanar da aka ce tana share ƙura

Daga wani mai shagon hoto a wani ƙauye na ƙasar Gumel: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai hoto ne, ya yi shekaru yana bin kasuwannin ƙauye da kyamara a wuya. Ya bar mana adaka cike da nagatif, wato fim ɗin da aka wanke wanda ake buga hoto daga shi: hawan sallah, naɗin dagatai, amare, alhazai ranar dawowa. Yanzu mutane na sallama suna neman hoton iyayensu. Na shiga Kano, a titin Beirut an nuna mini sikana biyu, na'urar da ke ɗaukar hoton fim ta sa shi a kwamfuta. Mai tsadar an rubuta mata Digital ICE, mai shagon ya ce fasaha ce mai rajista wadda ba kowa ke da ita ba, tana goge ƙura da karce da kanta. In ƙara kuɗin?

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ɗan'uwa, kafin ka taɓa aljihu koma ka buɗe adakar nan. Zaro nagatif kamar goma daga sama da ƙasa, ka ɗaga su wajen hasken taga. In jikinsu ruwan goro ne, fim mai kala ne. In toka-toka ne, baƙi da fari ne. Wanda ya fi yawa shi zai yanke maka hukunci, ba mai shago ba.

Ga dalili. Sikana mai Digital ICE, bayan ta karanta launukan hoto, tana ƙara haska fim ɗin da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infirared. Hoton fim mai kala rini ne, kuma wannan haske ratsa rini yake kamar ba komai a wurin. Ƙura da gashi da karce kuwa suna tare shi. Sai na'ura ta samu taswirar datti zalla, ta san wannan ɗigon ba tabon fuskar amarya ba ne, ƙurar hunturu ce, ta gyara wurin. Ga wanda ke aiki a garin da hazo ke shiga har cikin kwanon tuwo, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. In ba ita, hoto ɗaya sai ya ci maka rabin awa kana bin ɗige-ɗige a kwamfuta.

Amma tsohon fim baƙi da fari da azurfa aka yi hotonsa, kuma azurfa tana tare infirared kamar yadda ƙura ke tare shi. Na'ura sai ta ɗauki rawanin dagaci da gemunsa a matsayin datti, ta shiga gogewa. Dole ka kashe ICE a kansa. In adakar Baba yawanci baƙi da fari ce, ka sayi doki ka ɗaure shi ke nan.

Batun rajista kuwa, mai shagon ya faɗi rabin gaskiya. Wani injiniya mai suna Albert Edgar ne ya ƙirƙiro dabarar yana aiki a kamfanin IBM na Amurka, aka ba da takardar haƙƙin ƙirƙirarta a 1993. Daga baya kamfanin Applied Science Fiction da ke birnin Austin ya mai da ita haja, ya riƙa ba masu ƙera sikana irin su Nikon lasisi, har Kodak ya saye kamfanin a 2003. Sai dai haƙƙin ƙirƙira ba gona ba ce da ake gada har jikoki. Shekara 20 yake yi ya faɗi, haka dokar take a Amurka, haka take a Najeriya. Wa'adin waccan takarda ya wuce tuni. Sunan ne ya rage na masu shi, aikin kuwa wasu na yi da nasu sunan: Canon na kiran nasa FARE, manhajar SilverFast na kiran nata iSRD, VueScan ma na yi. Don haka tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce, sikanar tana da fitilar infirared ko babu?

Sai faɗin fim. Sikanar Plustek OpticFilm 8200i na da infirared kuma tana fitar da hoto ras, amma ƙaramin fim mai faɗin milimita 35 kaɗai take ci, kuma da hannu kake tura shi ɗaya bayan ɗaya. 'Yar'uwarta 8100 ba ta da infirared, kada kamanni ya ruɗe ka. In Baba ya yi aiki da fim mai faɗi na 120, kamar yadda tsofaffin masu hoto da yawa suka yi, sai mai murfi irin Epson V600, wadda ke ɗaukar duka biyun har da hoton takarda. Ba ta kai waccan kaifi a ƙaramin fim ba, amma ni ita zan zaɓa wa shagon ƙauye, don aikinta ya fi yawa. In ta hannu ce, a jona ta a gabanka, ka je da nagatif ɗinka a gwada, ka tabbata faifan da ake jera fim a ciki na nan, ka kuma duba adafta ko ta wutar 110 ce ta Amurka.

Kada ka goge nagatif da gefen riga, ka hura shi da 'yar robar iska. Wanda ka ji yana warin tsami ya fara ruɓewa, ware shi daga sauran, ka fara da shi. Bayan ka gama ma kada ka zubar da ko ɗaya.

Daga wata malamar makaranta a Bichi: Yaya, na ga wata 'yar ƙaramar na'ura a intanet mai araha, an rubuta megafiksel 22. Nagatif ɗin bikinmu kawai nake son ceto.

Malama, irin waɗannan ƙaramar kyamara ce a cikin akwati, kuma sau da yawa adadin da ke jikin kwalin kumbura shi aka yi da manhaja. Babu infirared a ciki. Ƙaramin fim milimita 24 ne a 36. In an yi masa sikanin na gaskiya a ɗigo 2400 kowane inci, zai ba da kusan megafiksel 8, wanda ya isa a buga hoto kusan girman takardar A4. Don fim biyu ko uku, kada ki sayi komai. Ki kai wa mai sikana ta ƙwarai, ki karɓo a filashi, kuma ki dawo gida da nagatif ɗinki a jaka.

Daga wani matashi a Ringim: Baba, na tsinci kyamarar kawuna da fim a ciki ba a wanke ba. An ce akwai injin da ke wanke fim ba ruwa ya mai da shi kai tsaye cikin kwamfuta.

Yaro, an yi shi, sunansa Digital PIC, kuma kamfanin nan na Austin ne ya ƙirƙiro shi. Yana shafa wa fim ɗan magani ya karanta hoton yana cikin fitowa, amma daga nan fim ɗin ya tashi aiki, ba a ba ka nagatif. Bai yi kasuwa ba, ba kuma za ka same shi a Kano ba. Sikana ba ta ganin komai a fim ɗin da ba a wanke ba. Kada ka buɗe bayan kyamarar, haske na shiga shi ke nan. Naɗe fim ɗin ya koma cikin gwangwaninsa tukuna, ka karanta jikinsa. In an rubuta C-41, mai kala ne, ana wanke shi da magani a zafin digiri 38, sai ka nemi wanda har yanzu ke wannan wanki. Fim ɗin da ya daɗe a zafin ɗakin kwano launinsa zai iya fita a koɗe, ka gaya wa mai wankin tun kafin ya tsoma.