Giyar tirela a cikin matsakaiciyar mota

Jiya muna wanke hannu ka tambaye ni, wai me zai hana mu sauke wa motar nan giyarta mai lamba shida mu ɗora mata ta tirela mai goma ko sha uku, tunda mai motar ya samo ta, kuma yana so motarsa ta ƙara ƙarfi. Ban amsa maka ba don na gaji, kuma maganar ba ta tsaye ba ce. To zauna ka ji.

Ana yi, na kuma yi da hannuna. Amma ka fara cire kalmar nan ta "ƙara ƙarfi" daga kanka. Ƙarfi a inji yake. Giya rabo kawai take yi, ta karɓi abin da inji ya ba ta, ta mayar da shi ja ko ta mayar da shi gudu. Abin da babbar giya za ta ba ka shi ne juriya, da lambobi masu kusa da juna yadda inji ba zai faɗi ba in an canja a kan tudu, wani lokaci kuma da obadireb, wato lambar sama da farfela ke juyawa fiye da inji. In mai mota na kukan giyarsa na cin haƙora duk shekara, ko tazarar da ke tsakanin lamba huɗu da biyar na kashe masa gudu da lodi, to maganarsa abar saurare ce. In kuwa injin ne ya gaji, ko giyar jirgin ƙasa ka ɗora masa haka zai ci gaba da nishi.

Je ka goge ɗan farantin da ke jikin kowace giya ka karanta. A wajen Eaton Fuller, kamfanin da ke ƙera waɗannan giyoyin, lambar ba ado ba ce. FS-6406 da ke jikin motar, 06 na ƙarshe lambobin gaba ne guda shida, 6 na farko kuma ƙarfin murɗin da za ta iya ɗauka ne, wato 660 a ma'aunin fam-ƙafa na Amurkawa, kusan 900 a ma'aunin Nm. In ka ga RTO-14613, to sha uku ce, tana ɗaukar sama da ninki biyu na waccan, harafin O kuma obadireb ne. Wanda ya iya karanta wannan ba a sayar masa da biri a sama.

Daga nan sai bakin da giya ke haɗuwa da inji. Gidan fulayiwil yana da lambar SAE, wato lambar da ke nuna girman bakinsa, kuma abin da ke ruɗa yara shi ne ƙaramar lamba ita ce babban baki. Lamba 1 faɗinta wajen milimita 511, lamba 2 wajen 448, lamba 3 wajen 410. Manyan motoci galibi 1 ne, matsakaita 2 ko 3. Dukansu noti goma sha biyu ne, don haka ƙirga noti ba zai gaya maka komai ba, sai ka sa awo. In ba su dace ba, ko dai a canja gidan kuloci na giyar, ko a canja gidan fulayiwil na injin. Kowanne aka yi, sai an kafa agogon awo a jikin fulayiwil an juya inji a hankali an zagaya bakin gidan. In allurar ta yi rawar da ta wuce milimita 0.2, kada ka ɗora. Karkatar da ido ba ya gani ita ce ke cinye boris na gaba, ita ce kuma ke sa giya ta riƙa fita da kanta a lambar sama.

Sandar da ke shiga kuloci ma ba ɗaya ba ce. Ta matsakaita sau da yawa inci ɗaya da uku bisa huɗu ce, ta manya inci biyu, dukansu masu tsaga goma. Ka ga ke nan faifan kuloci ya canja. Wataƙila fulayiwil ma ya bi shi, don kulocin inci 14 da na inci 15 da rabi ba su zama a mazauni ɗaya. Wani kulocin turawa ake yi, wani jawowa, sai hannun da ke haɗa shi da feda ya zama sabon aiki. Ɗan boris ɗin nan da ke tsakiyar fulayiwil kuwa, ka canja shi ko da ya yi maka kyau a ido. Rowar da za ta sa ka sake sauke giya mai nauyin kilo ɗari uku ba wayo ba ne.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Giyar tirela da iska take hawa daga ƙananan lambobi zuwa manya. Ɗan maɓallin nan da direba ke ɗagawa a jikin sandar giya, iska yake aikawa baya. Matsakaitan motoci da yawa kuwa birkin mai gare su, babu kwampireso, babu tanki. In haka motar take, ka sayi giya mai goma za ka tuƙa biyar, sai an ƙara mata kwampireso da tanki da tiyo, iskar kuma ta zama busasshiya, don ruwa na daskarar da bawul ɗin da tsatsa. Irin waɗannan motoci masu birkin mai, birkinsu na hannu yakan zama ganga ce a wutsiyar giya. Ka sauke tsohuwar giya, ka sauke birkin hannu tare da ita. Ni ya taɓa faruwa da ni ina kamar shekarunka. Mun gama aiki muna ta murna, na ja birkin hannu na ji ya taho fayau kamar ba a ɗaura shi da komai ba, ashe kuwa ba a ɗaura ba, wayar na can tana reto a ƙarƙashin mota. Maigidana bai ce mini uffan ba, dutse kawai ya miƙo mini in sa a taya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Farfela za a rage mata tsawo, a wurin mai injin da zai daidaita ta bayan walda, ba a ƙasa da guduma ba. Kunnuwan kuros na gaba da na baya su kalli wuri ɗaya, kusurwarsu kada ta bambanta da fiye da digiri ɗaya. Babbar giya ta kusa ninka tsohuwar a nauyi, ga tsawo, sai an yi mata abin tallafi daga baya, kar a bar ta rataye da gidan fulayiwil ya tsage. Ramin sandar giya a cikin kan mota zai matsa, na'urar sifidomita za ta so gyara, in kuma tifa ce, ka duba ko PTO ɗinta, abin da ke ɗaukar juyi daga giya ya ɗaga bodi, zai shiga, don wata ƙofar noti shida ce wata takwas, haƙorin ciki ma daban.

Ka ɗauki alli ka yi lissafin nan a ƙasa. Lamba ɗaya ta tsohuwar giya kusan 9 ce, wato tana ninka murɗin inji kusan sau tara. Inji mai murɗin 600 ya zama 5,400 a farfela. In sabuwar tana da ƙaramar lamba mai 14, ya zama 8,400. Aksil ɗin baya fa ba a canja shi ba. A da giya ce ke fara kuka, yanzu ta fi ƙarfin kowa, wahalar sai ta gangara kan kuros da sandar aksil. Na taɓa zaro wata sandar aksil daga motar da ta kafe a laka direban ya saki kuloci da totur a ƙasa. Tsagogin bakinta sun murɗe kamar tsumman da aka matse, wurin da ta karye kuma sumul, yana ƙyalli. Giyar kuwa ko gezau, ko ɗigon mai ba ta zubar ba.

Obadireb yana da daɗi in injin zai ja. Mai 0.73 zai sauko da inji daga juyi 2,400 zuwa wajen 1,750 a gudu ɗaya, mai ya ragu, ƙara ta ragu. Amma ƙaramin inji da cikakken lodi ba zai zauna a nan ba, da an ga ɗan tudu sai a sauko.

Sai direba, wanda kowa ke mantawa da shi. Giyarsa ta yanzu tana daidaita gudun haƙora da kanta, ya taka ya tura ta shige. Ta tirela ba ta da wannan a babban akwatinta, sai ya taka kuloci sau biyu yana sauraron inji. Kuma a can ƙarshen feda akwai birkin kuloci, na shiga lamba ne in mota na tsaye. In ya saba danna feda har ƙasa yana tafiya, ba zai daɗe ba zai ƙone shi, ya dawo ya ce aikinmu ne.

Gobe da safe kada ka taɓa sifana. Ka shiga ƙarƙashinta da tef da takarda, ka fara duba ko akwai tankin iska da inda birkin hannu yake kamawa, sannan ka rubuto mini lambar giyoyin biyu, da ta aksil, da tsawon kowacce daga baki zuwa wutsiya. In ka kawo, sai mu kira mai motar.