Wasa yana buɗewa a Njamena, ya ƙi buɗewa a Kuseri: amsoshin tambayoyinku kan kallon ƙwallo

Saƙonnin da suka shigo wannan makon kusan duk kan ƙwallo suke. Na zaɓi biyar, domin da yawa daga cikin matsalolin da ake ɗora wa waya ko dikoda ba laifinsu ba ne, asalinsu yana cikin yadda ake sayar da wasa ga gidajen talabijin.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kuseri: Malam, ina biyan kuɗin wata manhaja mai nuna wasanni da sharhin Larabci. Idan ina Njamena lafiya lau take aiki. Da na tsallako gada na dawo gida sai ta ce ba a nuna wasan a ƙasata. Wayar ce ta lalace?

Alhaji, wayarka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wajen mai gyara. Masu gasar ba sa sayar da wasa ga duniya dunƙule ɗaya. Yankawa suke yi yanki-yanki, kowane yanki da kamfanin da ya biya, wani lokacin ma har da harshen da za a yi sharhi da shi. Kamfanin beIN na Ƙatar yana riƙe da yankin Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka, kuma Cadi tana cikin ƙasashen da yake hidima, amma Kamaru ba ta ciki. A nan ɓangarenmu, Canal+ ne ya saba riƙe manyan gasannin Turai da Faransanci, SuperSport kuma da Ingilishi. Wanda ya sayi yanki ya sa hannu cewa ba zai bar hotonsa ya tsallaka zuwa yankin wani ba, in kuwa ya bari, ya karya yarjejeniya.

Yadda manhajar take gane inda kake shi ne ta lambar da kamfanin sadarwa yake bai wa wayarka duk lokacin da ka hau intanet, wato adireshin IP. Lambar Airtel ko Moov tana nuna Cadi, ta MTN ko Orange ko Camtel tana nuna Kamaru. Kogin Logon bai da faɗin da zai hana mutum zuwa cin kasuwa da safe ya dawo da yamma, amma a wajen na'urar ƙasa biyu ce. Shi ya sa wasu mutanen Kuseri da ke kusa da bakin kogi, idan layinsu na Cadi yana kama sabis, wasan yakan buɗe musu suna zaune a gida.

Na san za a ce maka ka sa VPN. Aikinsa shi ne ya bi da kai ta wata ƙasa don a ɗauka can kake. Yakan yi aiki yau ya ƙi gobe, domin kamfanonin suna toshe lambobin VPN da suka gane, kuma yawancinsu sun rubuta a sharuɗɗansu cewa hakan ya saɓa ƙa'ida. Ga shi kuma yana rage gudun intanet. Shawarata, tunda zamanka ya fi yawa a Kuseri, ka biya wanda yake da izinin nunawa a Kamaru.

Tambaya daga mai gidan kallo a Garwa: Kullum kuɗin rajista ƙaruwa yake, masu kallo kuma ba sa son a ƙara musu ko sisi. Ina wannan kuɗin yake tafiya?

Ɗan'uwa, wannan tambayar ta taɓa ni, domin gidan kallo sana'a ce da ke ciyar da iyali, kuma a nan ne yaron da babu talabijin a gidansu yake ganin abin da Bryan Mbeumo ko Zambo Anguissa suke yi a Turai. Kuɗinka yana tafiya Turai ne, mafi yawansa. Lokacin da aka kafa gasar Firimiya ta Ingila a 1992, yarjejeniyar talabijin ta farko ta kai fam miliyan 304 na shekara biyar. A Disambar 2023 aka sanar da yarjejeniyar shekara huɗu da ta fara a 2025, wadda ta kai fam biliyan 6.7, kuma wannan na cikin Birtaniya ne kawai. A zagayen 2022 zuwa 2025 kuɗin da gasar ta samu daga ƙasashen waje ya zarce na cikin gida a karon farko. Ƙasashen wajen nan har da mu. Da wannan kuɗi ake biyan albashin 'yan wasa da sayen sababbi, kamfanin talabijin da ya shiga gwanjo ya ci kuma dole ya dawo da abin da ya kashe daga aljihun masu rajista.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. A Ingila ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don kada mutane su daina zuwa filin wasa, musamman na ƙananan ƙungiyoyi. Wato wasan ƙarfe uku na agogon Ingila da kake haska wa mutane a Garwa, mutumin Landan ba ya ganinsa a talabijin ɗinsa ta hanyar halal. Su sun kare filayensu da doka. Ni abin da ke damuna shi ne mu ba mu kare namu ba. Duk wanda ya ga yadda filin Rumde Ajiya ya cika a Janairun 2022, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a Gasar Kofin Afirka, ya san Garwa gari ne na ƙwallo. Coton Sport da ta fitar da Vincent Aboubakar tana nan, amma kuɗin talabijin da ke shiga gasarmu ta gida bai kai a kwatanta shi da na Turai ba.

Kasuwar ma tana sauyawa. New World TV ta Togo ta karɓi izinin nuna Kofin Duniya na 2022 a ƙasashen Afirka masu Faransanci, kuma a 2025 Canal+ ya mallaki MultiChoice mai DStv da SuperSport. Don haka kafin ka biya na watanni da yawa, ka tambaya a fili wace gasa ce ke cikin ƙunshin a wannan kakar, kuma ka tambayi sharaɗin nunawa ga jama'a, domin rajistar gida daban take da ta wurin sana'a.

Tambaya daga ɗalibi a Ngaundere: Data nawa wasa ɗaya yake ci?

Ƙanena, lissafin mai sauƙi ne. Hoton da ke gudu a megabit ɗaya cikin daƙiƙa yana cin mega 450 a awa. Wasa da hutun rabin lokaci kusan awa biyu ne. Idan ka sa ingancin hoto a 480p, ka tanadi giga ɗaya ko ɗan fiye. Idan 720p ne, giga biyu zuwa uku. A fuskar waya 480p ya wadatar, sai ka shiga saitin manhajar ka zaɓa da hannunka, kada ka bar ta ta zaɓa maka. Ka rufe ta lokacin hutu.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Marwa: Maigidana yana kallo a waya, amma maƙwabta suna ihun an ci tun kafin ya gani. Me ya sa?

Hajiya, maƙwabtanku da tauraron ɗan'adam suke kallo. Ko da yake tauraron yana da nisan kusan kilomita 36,000, saƙon yana zuwa ya dawo cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ta intanet kuwa sai an yayyanka hoton gunduwa-gunduwa, wayar ta tara kaɗan a ajiye don kada ya riƙa tsayawa, sannan ta nuna. Jinkirin yakan kai rabin minti, wani lokacin ya wuce. Ba shi da magani sosai daga ɓangarenku. Sai dai da damina shi zai fi su, domin ruwan sama mai ƙarfi yana katse saƙon tauraron.

Tambaya daga Mokolo: Wani ya turo mini manhaja ta WhatsApp, ya ce duk tashoshin duniya suna ciki kyauta. Wani kuma yana sayar da IPTV, wato tashoshin talabijin ta intanet, na shekara da araha. In karɓa?

Malam, ka dakata. Wanda yake ba ka wasan da aka saya da biliyoyi a kyauta, ta wata hanya yake cin ribarsa, kuma sau da yawa wayarka ce hanyar. Irin waɗannan manhajoji ba su bi ta Play Store ba, babu wanda ya duba abin da ke cikinsu. Ka lura da izinin da suke nema lokacin sakawa. Manhajar kallon ƙwallo ba ta da hujjar karanta saƙonninka, ko ganin lambobin mutanenka, ko neman ikon sarrafa fuskar waya. A saƙo ne lambobin sirri na tabbatarwa suke shigowa, kuma a wannan wayar asusunka na Orange Money ko MoMo yake.

Shi kuma mai IPTV na araha, hoton sata yake sayarwa. Ranar babban wasa, lokacin da kowa ya hau, ranar ce yake tsayawa, kuma idan masu haƙƙi suka sa aka rufe na'urarsa, kuɗin shekararka ya tafi, babu ofishin da za ka kai kuka. Ko beoutQ, wadda ta yi satar tashoshin beIN a fili tun daga 2017, a 2019 ta ɗauke.

Idan ka riga ka saka manhajar, ka kashe data, ka shiga saitin waya ka duba ko ta sa kanta cikin masu ikon gudanar da na'ura, ka cire mata wannan ikon, sannan ka goge ta. Bayan haka ka canja lambar sirrin asusun kuɗinka da ta Gmail, ka kunna Play Protect, mai gadin da ke cikin Play Store, ya bincika wayar, ka kuma duba tarihin asusun na kwanakin da manhajar ta yi a ciki.