Amsa: Inda za a samu bayanan bincike kyauta don koyar da ɗalibai

Malam, ka ce kana neman bayanan bincike na gaske da ɗalibanka za su koyi nazari da SPSS, manhajar nazarin ƙididdiga, a kansu, amma ba kuɗin fita tattara naku. Ka fara da Afrobarometer, wata cibiya mai binciken ra'ayin jama'a a Afirka. Tun 1999 suke tambayar jama'a, yanzu sun kai ƙasashen Afirka sama da 30, har da Najeriya da Nijar da Gana, kan dimokuraɗiyya, cin hanci, tsaro da halin rayuwa. Ana sauke fayilolin kyauta, a tsarin SPSS, tare da takardar tambayoyin. Da yake ana maimaita tambayoyi da yawa zagaye bayan zagaye, ɗalibi zai ga yadda ra'ayi ya sauya cikin shekaru.

Sai dai ka ja musu kunne a kan abu ɗaya. Mutanen da ake tambaya a kowace ƙasa yawanci 1,200 ne zuwa 2,400, an zaɓe su don su wakilci ƙasa baki ɗaya. Na taɓa samun ɗalibar da ta ware jiharta kaɗai, ta tarar mutane 'yan kaɗan ne suka rage, dole muka sake babin gaba ɗaya. In jiha guda ake so a nazarta, lambobin ba za su ɗauka ba.